Maigidana ya ajiye ƙwayar hawan jini ya koma shan mai

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Garwa, muna da 'ya'ya bakwai. Maigidana shekararsa 55, yana da shagon kayan masarufi a kasuwa. Bara da damina ya yi ta fama da ciwon kai da jiri, aka auna shi a asibiti aka ce tansiyonsa, wato awon hawan jininsa, 17/10. Likita ya rubuta masa ƙwaya iri biyu, amlodipin da wata 'yar ƙarama mai sa fitsari. Ya sha wata huɗu, ya sauko 13/8. Sai wansa, wanda ke sayar da magungunan Musulunci, ya kawo masa wani mai a kwalba, wai haɗin habbatus sauda ne da tafarnuwa da zaitun da wasu itatuwa, yana wanke jijiya yana tsinka jini. Kwalba ɗaya sefa 12,000, yana shan babban cokali safe da dare. Kwana uku da barin ƙwaya ya je farmasi aka auna aka samu 13/8, ya ce ga shaida nan. Yau wata biyar rabonsa da ƙwaya, rabonsa da awo. Yanzu ina lura yana haki ko daga masallaci ya dawo, wani lokaci da dare yana dafe ƙeya. Idan na yi magana sai ya ce ina ƙaryata hadisi, ko kuma so nake in haɗa shi da ɗan'uwansa. Abokiyar zamana ta ce ba ruwanta. Mahaifinsu kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa. Ƙawata ta ba ni shawara in riƙa daka ƙwayar ina zuba masa a kunu ba tare da ya sani ba. In yi? Kuma shi wannan man, akwai amfani a cikinsa ko yaudara ce?

Uwargida, daga Garwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Damuwarki tana kan hanya, kuma ba ki ƙaryata komai ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wasiƙarki ma ba man ba ne, hakin nan ne. Mutumin da aka taɓa samu da 17/10, ya yi wata biyar ba ƙwaya, mahaifinsa ya rasu da shanyewar jiki, yanzu kuma numfashi na yi masa wuya a tafiyar da bai saba gajiya da ita ba, wannan mutum likita ya kamata ya gan shi cikin makon nan. Yana iya zama gajiya ce da zafin Garwa, yana kuma iya zama zuciya ce ta fara nuna ta gaji da turin jini. Ba a raba waɗannan biyu da ido a tsakar gida.

Maganar dakawa a kunu, kada ki yi. Ƙawarki tausayi ne ya sa ta, amma shawarar tana da rami. Gidanku da rabon girki, don haka zai sha kwana biyu ya tsallake biyu, ga ranar da zai bar rabin kofi, ga ranar da ƙaramin yaro zai shanye ragowar kunun babansa, alhali amlodipin ƙwaya ɗaya tana iya jefa jariri cikin hatsari. Idan jini ya sauka, man zai ba wa lada, ya ƙara riƙe shi da hannu biyu. Idan wata rana aka kai shi asibiti zai ce ba ya shan komai, likita ya ɗora masa magani a kan wanda ke jikinsa. Ranar da asiri ya tonu kuwa, kin san sunan da ake ba macen da aka kama tana barbaɗa wa miji abu a abinci, ga kishiya a gida, ga dangin miji a waje. Ƙwayar da aka rubuta masa bara ma ba lallai ita ce ta dace da shi yau ba, tunda haki ya shigo.

Shaidar nan ta kwana uku da ya dogara da ita tana da bayani mai sauƙi. Amlodipin ƙwaya ce mai jinkirin fita daga jiki. Sai an yi sa'a 30 zuwa 50 kafin rabin abin da ke cikin jini ya fita, kuma jikin da ya yi wata huɗu a kan magani ba ya komawa gidan jiya rana ɗaya. Wato ranar da aka auna shi a farmasi, ragowar ƙwayar likita ce ke aiki. Awon da zai faɗi gaskiyar man shi ne na bayan mako uku ko huɗu, shi kuwa ba a yi shi ba. Alhaji bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, lokacin awon ne ya ruɗe shi. Ki riƙe wannan, domin zai ba shi hanyar sauka daga kan ra'ayinsa ba tare da ya ji kunya ba.

Shi man, ba za mu ce miki banza ba ne, domin ba gaskiya ba ne. Amma a sa shi a sikeli. Abin da likitocinmu ke kira 17/10 shi ne na'ura ke rubutawa 170/100, don haka tazarar da ke tsakanin 17 da 13 maki 40 ce. An gwada habbatus sauda a kan mutane a gwaje-gwaje da dama, mafi yawansu na kusan wata biyu, da aka tattara sakamakon sai aka ga tana rage lambar sama da kimanin maki 3. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi, a masu hawan jini an ga ragin da ya kai wajen maki 8, sai dai garinta da aka auna aka zuba a kwanso ko tsimammen ruwanta aka fi gwadawa, ba mai ba. Man zaitun abinci ne mai kyau ga zuciya idan ya maye gurbin kitse da man shanu, amma abin da yake ragewa a awo kaɗan ne. Ƙwayar likita guda ɗaya a ma'auninta na yau da kullum tana rage wajen maki 9 ko 10, wanda jininsa ya hau sosai ma ta fi haka, shi ya sa aka haɗa masa biyu. Kuma ƙwayoyin nan an bi dubban mutane shekara da shekaru an ga duk maki 10 da aka sauke yana rage hatsarin shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Haɗin man da Alhaji ke sha ba a yi masa irin wannan bibiya ba. Iyakarsa ya zama ɗan rakiya, ba zai ɗauki kayan maki 40 ba.

Batun wanke jijiya da tsinka jini magana ce ta talla. Hawan jini ba yawan jini ba ne, ba kuma kaurinsa ba ne. Ƙananan jijiyoyi ne ke tsukewa su yi tauri, ƙoda kuma tana riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, kamar injin ban-ruwa da aka matse wa bakin tiyo: ruwa na fita, amma injin na cin wuya har ya ƙone. Da tafiya ta yi nisa naman zuciya sai ya yi kauri, daga baya ya saki, ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Man da aka haɗiya hanji ne ke narkar da shi kamar kowane mai, ba ya bin jijiya yana goge ta. Abu mafi muni a ciwon nan shi ne yawancin masu shi ba sa jin komai. Rashin ciwon kai ba alamar sauka ba ce.

Yanzu ki ɗauko kwalbar ki duba ta da kyau. Akwai sunan wanda ya haɗa da inda yake? Akwai ranar haɗawa da ranar lalacewa? An jera abubuwan da ke ciki da yawan kowanne? Kalmar nan "da wasu itatuwa" ita ce ta fi damun mu, domin a cikin itatuwa akwai masu ɗaga jini. Saiwar zaƙin nan da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake sakawa a haɗe-haɗe don ɗanɗano, tana sa jiki ya riƙe gishiri, jini ya hau. Akwai kuma bambanci tsakanin man da aka matse daga ƙwayar tsiro, irin na habbatus sauda ko riɗi, da man ƙamshi mai ƙarfi da ake tatsowa da tururi, irin na kanumfari ko na ganyen turare. Na biyun ba na sha da cokali ba ne, kaɗan daga cikinsa na iya taɓa hanta ko sa yaro farfaɗiya. Idan kuwa ɗanyar tafarnuwa aka jiƙa cikin mai a gida aka toshe, aka bar ta a shago, wannan haɗin yana iya haifar da wata ƙwayar cuta mai guba da ke shanye jijiyoyin numfashi, kuma ba lallai wari ko launi su canza ba. Ga zafi. A Garwa watan Maris da Afrilu ana wuce digiri 40, man da ya kwana a kan tebur cikin farar roba yana gurɓata, ya yi ɗaci mai kartar maƙogwaro. Idan kayan ta Yola ko Mubi suka shigo kika ga lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, lambar da ake ba maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa, sau da yawa ma an rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasan takardar.

Yawan da yake sha ma ya wuce. Babban cokali biyu mililita 30 ke nan a rana. A gwajin da aka yi da man habbatus sauda rabin ƙaramin cokali ake ba mutum sau biyu, jimilla mililita 5. Alhaji na shan ninki shida, kuma kowane babban cokali na mai yana ɗauke da kalori wajen 120, ƙari a kan abincinsa. Ga mai zaman shago wannan tumbi ne, tumbi kuwa ɗaga jini yake.

Kada ki shiga musu da shi a kan hadisi, ba fagen da za ki ci riba ba ne, kuma babu buƙata. Hadisin habbatus sauda ingantacce ne, kowa ya yarda. Haka ma umarnin a nemi magani, da faɗin cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Babu inda aka ce wanda ya sha habbatus sauda ya ajiye sauran magani, kuma hadisin bai yi maganar wata kwalba mai haɗin abu biyar da farashin sefa 12,000 ba. Idan akwai malamin da Alhaji ke ganin girmansa, musamman wanda shi kansa yake shan ƙwayar tansiyo (suna da yawa, ba sa faɗa ne kawai), magana ɗaya daga bakinsa ta fi taki goma. Ki bi ta hannun matar malamin ko babban ɗanku, kada ya zama kin kai ƙara.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, mu kuwa muna ganin a nan gizo yake saƙa: me ya sa mutumin da magani ya karɓe shi, ya ga 13/8 da idonsa, ya yi saurin ajiye shi? Da wuya a ce daɗin bakin wansa ne kaɗai. 'Yar ƙaramar ƙwayar nan tana sa fitsari, ga mai shago a tsakiyar kasuwa wanda bayan gida ke masa nisa, kuma yana son riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar, wannan ba ƙaramar takura ba ce. Amlodipin tana kumbura wa wasu idon sawu, takalmi ya matse, mutum ya tsorata ya ɗauka ƙoda ce. Sannan akwai wadda maza ba sa furtawa: ƙwayar fitsari, da irin su atenolol, suna rage wa wasu ƙarfi a shimfiɗa. Magidanci mai mata biyu zai gwammace ya ce hadisi da ya faɗi wannan. Ke kin fi kowa sanin ko wani abu ya canza a watannin nan huɗu. In haka ne, kada ki tambaye shi kai tsaye. Ki ce kin ji ana canza wa mutum ƙwaya idan tana takura masa ta kowace fuska, ki bar maganar a nan. Gaskiya ne kuwa, ana canzawa. Wani babban gwaji da aka buga a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Kamaru, ya nuna haɗa amlodipin da perindopril yana sauke jini daidai da haɗa ta da ƙwayar fitsari. Wato likita na da zaɓi, kuma haɗin da perindopril yakan rage kumburin ƙafa, ko da yake shi ma yana sa wasu busasshen tari. Shi kansa hawan jinin da aka bari yana lalata jijiyoyin mazakuta a hankali, don haka gudun ƙwaya ba ya tsirar da abin da ake gudu dominsa. A yi hattara da maganin ƙarfin maza na bakin titi, an sha samun ƙwayar bature a ɓoye a cikinsu.

Wani kuma kalmar "har ƙarshen rayuwa" ce ke karya masa gwiwa, sai ya ji mai na yi masa alkawarin warkewa gaba ɗaya. A nan babu abin ɓoyewa: yawancin masu hawan jini suna ci gaba da sha, amma wanda ya rage gishiri da nauyi likita na iya rage masa yawa. Idan kuɗi ne, ki je farmasi da takardar likita ki ce a ba ki farashin jenerik, wato maganin nan dai amma ba mai sunan babban kamfani ba, na wata guda, ki ajiye shi kusa da sefa 12,000. Amlodipin na cikin magunguna masu araha.

Yayan maigidanki kuma, kada ki mai da shi abokin gaba. Mai yiwuwa ya yi imani da kayansa, kuma da shi da Alhaji uba ɗaya suka binne, tsoro ɗaya ke cin su. Sai dai sana'arsa ce, mai sayarwa kuwa labarin waɗanda suka dawo da godiya yake ji, wanda ya faɗi a gida ba ya dawowa ya ba da rahoto. Abin da ake nema a wurinsa ƙarami ne: ya ce wa ƙaninsa ya haɗa da na asibiti, kuma ya faɗi abin da ke cikin kwalbar. Masu wannan sana'a da yawa ba sa ƙin faɗin haka idan aka zo musu da girmamawa, ba a gaban masu saye ba. Babban ɗanku ko wata gwaggonsu su ne 'yan aike, ba ke ba. Shi ma Yayan a auna shi, ciwon yana bin jini.

Abin da zai raba gardamar nan na'urar awo ce. Ki saya, ko ki ara, irin wadda ake ɗaurawa a damtse mai aiki da batir, ba ta wuyan hannu ba, kuma a duba maɗaurin ya zagaye damtsensa da kyau, domin ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba. Ya yi fitsari tukuna, kada ya sha shayi, ko ya ci goro, ko ya sha taba minti 30 kafin awo. Ya zauna a kujera ya jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a kan hannun riga ba. Ya huta minti 5, ba magana, ba waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe bayan asuba kafin karin kumallo, da kuma dare kafin kwanciya. A rubuta duka a littafi da rana da lokaci. Kwana uku ne mafi ƙaranci, bakwai ya fi, amma ganin hakin da kika ambata, kada cika kwanakin ya jinkirta zuwa asibiti. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 hawan jini ne. Idan kika ga 180 a sama ko 110 a ƙasa, aka sake bayan hutu bai sauka ba, ranar za a tafi.

Yadda za ki gabatar masa da na'urar shi ne rabin aikin. Ki zaɓi daren girkinki, bayan ya ci ya natsu, ba yara ba kishiya. Kada ki fara da man, kada ki ambaci Yaya. Ki ce wani abu kamar haka: "Alhaji, ni ban ce ka bar man ba. Hakin nan ne ke hana ni barci, in na tuna Baba sai gabana ya faɗi. Ga na'ura, mu auna ni da kai. In ta nuna lafiya, na yi shiru. In ta nuna akasi, ka yi mini alfarma mu ga likita." Ki miƙa hannunki a fara da ke. Namiji ya fi karɓar lamba da ya gani da idonsa a kan maganar da ya ji kamar umarni ce.

Ranar asibiti a tafi da littafin awo, da tsohuwar takardar magani, da kwalbar man kanta. Ya faɗa wa likita wata nawa ya bari da dalilin bari, ba ɓoye-ɓoye, likitoci sun saba jin wannan kullum. A faɗi hakin, a faɗi ko yana tashi da dare numfashi ya sarƙe, ko sai ya ƙara matashi yake iya barci, ko ƙafa na kumbura, ko yana minshari mai yankewa. Ku sa rai za a nemi gwajin jini na ƙoda da sinadarin potasiyom, da suga, da kitsen jini, da gwajin fitsari, da awon bugun zuciya na lantarki, wataƙila da hoton zuciya. Ana yin waɗannan a manyan asibitocin Garwa. Kada ya koma kan ragowar tsofaffin ƙwayoyi da kansa. Idan an ɗora shi a kan magani, a ba shi mako biyu zuwa huɗu kafin a yanke hukunci, a koma ranar da aka ce, a kuma saya a farmasi, ba a tiren mai yawo cikin rana ba. Lokacin azumi likita na iya mai da shan zuwa buɗa-baki ko sahur, ba a ajiyewa.

Idan bayan haka yana son ci gaba da habbatus sauda, mu ba mu ga laifi ba, da sharaɗi. Ta zama zalla ba haɗi ba, cikin kwalbar gilashi mai duhu, mai ranar lalacewa, a ajiye a inuwa, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, bayan abinci. Ko kuma ya barbaɗa ƙwayar kanta a abinci. Likita ya sani, musamman in gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, ko yana shan maganin suga, domin tana iya ƙara saukar da suga. Tafarnuwa a miya ba matsala, amma kwansonta ko manta ga mai shan aspirin ko Sintrom, maganin hana daskarewar jini, yana ƙara hatsarin zubar jini, kuma ana dakatar da shi mako ɗaya zuwa biyu kafin tiyata. In ya fara jin jiri idan ya miƙe, a auna, a sanar.

Abin da ya fi man nan ƙarfi yana hannunku ku biyu a madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, kilishi, yajin tsire, kifin gwangwani da busasshen kifi mai gishiri. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai hawan jini da ya rage gishiri sosai yana samun ragin maki 5 ko kusa da haka, ya fi na habbatus sauda, kuma kyauta ne. Ki rage rabi a hankali cikin mako uku, harshe na sabawa, ki cike da daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da tumatir. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, irin sinadarin da ke ɗaga jini yana cikinta, don haka a rage ta a miyar kuka da kuɓewa da wake, kunun kanwa kuwa ya bar shi. Folere, wato zoɓo, an gwada shi an ga yana rage wajen maki 7 a masu shan kofi uku a rana, amma ba wanda aka cika da sukari ba, kuma a gaya wa likita in yana kan ƙwayar fitsari. Ganye irin su zogale, yakuwa da alayyafo, da wake da ayaba, a yawaita, sai in likita ya ce ƙoda ba ta so. A nan dole abokiyar zamanki ta shigo, in ba haka ba kwana biyu gyara kwana biyu ɓarna. "Ba ruwana" da ta ce wataƙila gudun ɓacin ran miji ne, ko gudun a ce ta bi bayanki a kan danginsa. Kada ki nemi ta goyi bayanki a rigima. Ki nuna mata littafin awo, ki ce likita ya ce a rage gishiri, ku daidaita cokali ɗaya da za ku riƙa aunawa da shi. Ya fi kyau ma a tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta.

Ki leƙa aljihunsa da durowar shago. Diklofenak da ibuprofen da ake haɗiya don ciwon baya suna ɗaga jini suna cutar ƙoda. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa suna tafasa suna ɗauke da gishiri mai yawa, wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna ɗagawa. Goro da shayi mai kauri a rage, taba a bari. Tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, kafin rana ta buɗe, kwana biyar a mako, tana taimakawa, amma sai likita ya duba hakin nan ya ba da izini.

Akwai alamomin da kowa a gidan, har manyan yara, ya kamata ya haddace: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu, harshe ya harɗe, gani ya ɗauke farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani da bai taɓa yin irinsa ba, ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, ko numfashi ya gagara yana zaune. Ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, asibiti nan take, a lura da ƙarfe nawa ya fara. Kada a ɗura masa mai, ko ruwa, ko rubutu, domin wanda jikinsa ya shanye yakan kasa haɗiya, abin ya faɗa huhu. Kada a ba shi aspirin kafin likita ya gani, tunda wata shanyewar fashewar jijiya ce. A kwantar da shi ta gefe, a yi addu'a a cikin mota. Tun yanzu ki san maƙwabcin da ke da mota, ki ajiye lambarsa.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan ya ce a'a. Babba ne, jikinsa ne, ba za ki ɗaure shi ba, kuma ƙin da zai yi ba gazawarki ba ce. Sai ki bar na'urar a inda yake gani, ki ci gaba da auna kanki, ki gyara tukunya, ki sanar da babban ɗanku da mutum ɗaya daga danginsa mai hankali, don kada nauyin ya tsaya a kanki ke kaɗai. Bayan kwana biyu ko uku a sake taɓa shi ta bakin wani. 'Ya'yanku da suka wuce shekara 18 su ma a riƙa auna su ko sau ɗaya a shekara, tunda kaka da uba duk sun yi. Ki rubuto mana lambobin da kuka samu da sunan ƙwayar da likita ya rubuta. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sanyaya miki zuciya.